Allura Da Mudu: Lodin Inji Da Matsin Iska A Mota Mai Tarbo



Sa'ad da aka aiko mini da takardar gayyata, an bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kansa, in dai bai fita daga fagen aikin injiniya ba. Na daɗe ina jujjuya abin a raina, har ran nan idona ya faɗa kan wannan ƙarfe da ku ke gani a kan tebur. Waɗanda ke zaune can baya watakila su ɗauka gwangwanin madara ne. Fistin ne na injin mota, kuma in kun matso za ku ga gefensa guda ya zaizaye, kamar ɓera ya gaigayi sabulu. Mai motar tsohon ɗalibina ne, yanzu ƙaramin ma'aikaci. Shekara uku ya yi yana tari kafin ya sayi motar, ƙirar Japan, ta hannu, mai injin lita 2 da tarbo, wadda aka shigo da ita ta Kwatano. Ya yarda in ba da labarinsa muddin ban ambaci sunansa ba.

Bayan ya hau ta wata biyar lafiya lau, sai abokai suka ce masa ai ƙarfin motar nan a ɗaure ya ke, akwai mai kwance shi. Aka kai shi wurin wani mai kwamfutar hannu. Mutumin ya cire bututun da iska ke bi ta shiga inji ya sa wanda ya fi shi faɗi, ya zuba wa kwamfutar motar wani sabon tsari da ya samo daga waje, sa'an nan ya kafa masa agogon matsin iska a gaban sitiyari. Kafin gyara allurar agogon tana tsayawa a bar 0.9, bayan gyara ta kai 1.3. Kowa ya gani da idonsa, aka tafa, aka biya. Mako uku bayan haka, da tsakar rana a watan Afrilu, yana ƙoƙarin wuce wata tirela a hanyar Kano zuwa Wudil, injin ya yi tari, hayaƙi ya turnuƙe. Kuɗin gyaran ya kusa albashinsa na shekara.

Abin da na ke so in nuna muku a yammacin nan abu ɗaya ne: allurar nan ba ta yi ƙarya ba, amma abin da ta ke faɗa ba shi ne abin da ya kamata a tambaya ba. Akwai wani adadi dabam da kwamfutar motar ke lissafawa a kowane lokaci, wanda a ke kira lodin inji, kuma da an dube shi a ranar gyara, da fistin ɗin nan yana cikin motarsa har yau.

Bari mu fara da tarbon kansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san aikin zugazugi: gawayin bai canza ba, amma da an ƙara masa iska sai wuta ta ƙara ci. Haka injin mota ya ke. Ƙara masa fetur abu ne mai sauƙi, iska ce ke yi masa ƙaranci, domin kowane giram ɗaya na fetur yana bukatar giram 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Tarbo zugazugi ne da hayaƙin injin ke zugawa. Farfela biyu ne a kan sanda guda, ɗaya a hanyar hayaƙi, ɗaya a hanyar iska. Hayaƙin da ke fita, wanda zafinsa kan wuce digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke cusa iska cikin inji. A ƙananan motoci sandar nan kan yi juyi fiye da 150,000 a minti ɗaya. Don kada matsin ya wuce kima, akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa ta bar wani sashen hayaƙin ya kauce wa farfela. Mai ƙara wa mota ƙarfi, yawancin abin da ya ke yi shi ne jinkirta buɗewar wannan ƙofa.

Dabarar tsohuwa ce. Alfred Büchi, injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi rajistarta tun 1905. A 1918 Sanford Moss na kamfanin General Electric ya ɗora injin jirgin sama a kan babbar mota, ya hau da shi ƙolin dutsen Pikes Peak a Amurka, mai tsayin mita 4,300, don ya nuna cewa tarbo na mayar wa inji ƙarfin da ƙarancin iskar sama ke ƙwace masa. Ƙananan motoci ba su samu ba sai 1962, da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair, sa'an nan BMW a 1973, Porsche a 1975. Mu nan a lokacin, Peugeot ɗin da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 ita ke mulkin hanya, ba ta da tarbo, kuma makaniki na iya daidaita kafiretarta da kunne da sukudireba. Abin da ya kawo maganar ƙofar gidanmu shi ne dokokin rage hayaƙi da shan mai na ƙasashen Turai, waɗanda suka sa masu ƙera motoci suka ƙanƙanta injuna suka sa musu tarbo. A 2012 Ford ta fito da inji mai lita 1 da silinda 3 wanda ke ba da ƙarfin doki 125. Irin waɗannan motoci su ne ke isowa kasuwanninmu bayan sun yi shekara takwas ko goma a hannun masu su na farko, kuma irinku ne ke sayensu.

To, mene ne lodi? A nan zan roƙi ku bi ni kasuwar hatsi. Mudu girmansa ɗaya ne kullum, amma mudun gero da mudun dusa ba nauyinsu ɗaya ba. Ko dusar ma, in an danna ta da hannu mudu ya kan ɗauki fiye da in an zuba ta sakwa-sakwa. Silindar inji mudu ce. Girmanta ba ya canzawa, abin da ke canzawa shi ne nauyin iskar da ta shige ta kafin bawul ya rufe. Wannan nauyi shi ne lodi. Shi ke yanke yawan fetur ɗin da za a zuba, shi ke yanke ƙarfin da zai danna fistin, shi ke yanke zafin da ƙarfen zai sha. Matsin da allura ke nunawa kuwa ƙarfin hannun mai dannawa ne kawai. Yana da alaƙa da abin da ya shiga mudu, amma ba shi ne abin da ya shiga ba.

Ga lissafin na rubuta a allo, ba shi da wuya. Inji mai lita 2 yana cika dukan silindoginsa sau ɗaya a juyi biyu, watau lita 1 ke nan a kowane juyi. Lita ɗaya ta iska a bakin teku, a zafin digiri 25, nauyinta giram 1.18 ne. Saboda haka injin da ba shi da tarbo, ko an take totur har ƙasa, ba zai wuce giram 1.18 a juyi da wani abin kirki ba, yawanci ma ba ya kaiwa. Wannan shi a ke kira lodi ɗari bisa ɗari. In tarbo ya ƙara bar 1 a kan bar 1.01 na iskar duniya, cikakken matsin ya zama 2.01, kuma da zafin zai tsaya a digiri 25, da lita ɗaya ta kai giram 2.35. Amma zafin ba ya tsayawa, kuma a nan allura ta fara rabuwa da mudu.

Duk wanda ya taɓa ba taya iska da famfon keke ya san gindin famfon kan yi zafi. Iska in an matse ta sai ta ɗumama, in ta ɗumama kuma sai ta buɗe, nauyinta a kowace lita ya ragu. Tarbo mai matsakaicin inganci, in ya ja iska mai digiri 15 irin ta bazarar Turai ya ninka matsinta, za ta fito da zafin kusan digiri 105. In ya ja mai digiri 40, irin ta Sakkwato ko Maiduguri a Afrilu, za ta fito da kusan 138. Shi ya sa a ke sa wani abu mai kama da lagireto tsakanin tarbo da inji don ya sanyaya iskar. In masanyayin nan ya yi aikinsa ya sauko da ita digiri 45, lita ɗaya za ta yi giram 2.2. In ya gaji, alal misali an daɗe a cunkoson motoci ko ƙura ta toshe haƙarƙarinsa, iskar ta shiga da digiri 85, lita ɗaya ba za ta wuce giram 1.96 ba. A duk halin biyu allura tana kan bar 1 cur. An yi asarar kashi 11 cikin ɗari na iska, kuma wadda ta shiga ɗin ta fi haɗari saboda zafinta, amma direba ba zai ga komai a agogonsa ba.

Tudu ma haka. Yawancin agogunan da a ke sayarwa suna auna abin da aka ƙara ne a kan iskar wurin da mota ta ke, ba cikakken matsi ba. A Legas iskar duniya bar 1.01 ce. A Jos, inda tsayin ƙasa ya kai wajen mita 1,200, kusan 0.88 ce. Bar 1 a agogo a Legas cikakken matsi 2.01 ke nan, a Jos kuwa 1.88. Motocin zamani da yawa su kan yi ƙoƙarin cike wannan giɓi da kansu, su sa tarbo ya ƙara gudu, ya ninka matsin iska sau 2.3 maimakon sau 2. Ribar ita ce direba ba ya jin motar ta yi sanyi a hawa. Kuɗin da a ke biya shi ne ƙarin zafi da ƙarin juyin farfela. Motar da aka riga aka ƙure tarbonta a ƙasa ba ta da sauran abin da za ta biya da shi in ta hau tudu.

Akwai kuma abu na uku, wanda ɗalibai kan yi mini gardama a kansa kowace shekara. Matsi alama ce ta cewa iska ta sami cikas. Ka toshe bakin tiyo da yatsa, matsin ruwa zai ƙaru a ciki alhali ruwan da ke fita bai ƙaru ba. Ƙaramin tarbo da aka tilasta wa aikin da ya fi ƙarfinsa yana iya ɗaga allura, amma sai ya shaƙe hanyar hayaƙi, ƙonannen hayaƙi ya kasa fita duka daga silinda, ya tare wa sabuwar iska wuri. A kan kai wani matsayi inda allura ke hawa, lodi ya tsaya cik, zafi kaɗai ke ƙaruwa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Shi ya sa tambayar da matasa ke yi wa juna, "bar nawa motarka ke bugawa?", ba ta da amsar da za a gina wani abu a kanta.

To, ina a ke ganin lodin? Tun 1996 doka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota da a ke sayarwa a Amurka ta zo da wata kafa ta bai ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, wadda a ke jona na'ura a karanta abin da kwamfutar mota ke gani. Turai ta bi baya a 2001 ga motocin fetur. Yau da 'yar na'ura mai araha da wayar hannu kowa na iya karantawa. Sai dai akwai tarko, domin adadi biyu ne ke amsa sunan lodi. Na farko, wanda kowace na'ura ke nunawa, an tsara shi ne ya kai 100 duk sa'ad da inji ke ba da iyakar abin da zai iya a wannan juyi, a tudu ne ko a kwari, kuma ba ya wuce 100. Yana gaya maka kashi nawa na ƙarfin da ke akwai ka ke amfani da shi, ba ya gaya maka nawa ne ƙarfin. Na biyu shi ne cikakken lodi, wanda ke gwada nauyin iskar da ta shiga da giram 1.18 ɗin nan na kowace lita. A inji marar tarbo yana tsayawa ƙasa da 100, a mai tarbo kuwa yana iya kai 180 ko 200 ko fiye. Shi ne na mai gyara. Na sha ganin wanda ya firgita don ya ga 190, yana tsammanin injinsa zai fashe, na kuma ga wanda hankalinsa ya kwanta don ya ga 100 kafin gyara da bayan gyara, bai san ma'aunin ne ba ya iya wuce haka ba. Kamfanoni kuma kowa da yarensa. Subaru na rubuta lodi da giram a kowane juyi, Bosch na rubuta shi kashi cikin ɗari, amma abin da a ke aunawa ɗaya ne. Ko ma'aunin matsi na wannan kafa ta bai ɗaya yana da rufi: ba ya nuna fiye da kilofaskal 255, watau cikakken matsi bar 2.55, ko da injin ya wuce nan.

Dalilin da ya sa wannan adadi ya fi kowane muhimmanci shi ne yadda kwamfutar ke yanke shawara. A cikinta akwai jadawali, kamar jadawalin sau na 'yan firamare. A gefe ɗaya juyin inji, a ɗaya gefen lodi. Inda layukan biyu suka haɗu akwai gida, a cikin gidan an rubuta yawan fetur ɗin da za a fesa, a wani jadawalin kuma lokacin da fulogi zai ba da wuta, abin da makanikai ke kira taimin. In lodi kaɗan ne, a kan ba da wuta da wuri kuma a tsaya a 14.7. In lodi ya yi yawa, a kan jinkirta wuta, a kuma ƙara fetur har awon ya sauko wajen 11.5 ko 12, domin rarar fetur ɗin tana sanyaya silinda. Ku lura da kyau: a irin motar da mu ke magana, kwamfutar ba allura ta ke duba ba kafin ta zaɓi gida, lodi ta ke duba. In lodin da aka gaya mata ƙarya ne, za ta shiga gidan da ba nata ba da zuciya ɗaya. In kuma lodi ya wuce gida na ƙarshe a jadawali, sai ta ci gaba da aiki da abin da ke gidan ƙarshen, ko da an wuce shi da nisa.

Yanzu mu koma kan tsohon ɗalibina. Abin da ya taimake ni gano abin da ya faru shi ne yaron mai son ajiye lissafi ne, ya ɗauki karatun motar a wayarsa kafin gyara da bayan gyara, ko da ya ke bai san abin da zai duba a ciki ba. Kafin gyara, a bar 0.9, lodi yana kai giram 2.0 a juyi. Bayan gyara, a bar 1.3, lodi yana kai giram 2.0 a juyi. Matsi ya ƙaru da bar 0.4, lodi bai motsa ba. Wannan kaɗai ya isa a kashe mota a buɗe bonet.

Amsar tana cikin bututun da aka sauya. Motarsa tana auna iska ne da wata siririyar waya mai zafi da ke tsakiyar bututu. Iskar da ke wucewa tana sanyaya wayar, daga nan a ke gane saurinta, kwamfuta kuma ta lissafa nauyin bisa faɗin bututun da aka gaya mata a masana'anta. Na auna tsohon bututun, faɗinsa milimita 65, sabon kuwa 70. Bambancin milimita 5 ba ya cika ido, amma fili ne a ke lissafawa, kuma filin bakin bututun ya ƙaru da kashi 16 cikin ɗari. Iska ta sami wuri ta rage sauri, waya ta ce iska kaɗan ce. Ainihin lodin kusan giram 2.3 ne, kwamfuta tana ganin 2.0. Ta zuba fetur na 2.0, saboda haka awon da a ke nufi ya zama 11.5 ya koma wajen 13.3. Ta kuma ba da wuta da wuri irin na gidan 2.0. Iska ta ƙaru, fetur mai sanyayawa ya ragu, wuta ta zo da wuri, ga rana ta Afrilu. Ba a bar wa fistin ko ƙofa ɗaya ba.

Sai maganar man da kansa. Tsarin da aka zuba wa motar an rubuta shi ne don fetur mai lambar oktan 98, wanda a ke samu a gidajen man Turai. Wanda mu ke sha a nan bai kai haka ba, kuma ba kowace tanka ce ke daidai da 'yar'uwarta ba. Lambar oktan awo ne na yadda fetur ke jure matsi da zafi ba tare da ya kama da kansa ba. In komai na tafiya daidai, fulogi ya kan kunna wuta ta bazu a hankali daga tsakiya zuwa gefe. In matsi da zafi suka yi yawa, ragowar haɗin da ke gefe, wanda wuta ba ta kai gare shi ba tukuna, sai ya fashe gaba ɗaya. Wannan shi ne ƙwanƙwasa, kuma kada a haɗa shi da abin da mu ke nufi in mun ce inji ya buga, ko da ya ke ɗayan na kai wa ga ɗayan. Wutar cikin silinda ta wuce digiri 2,000, alminiyon da a ke yin fistin da shi kuwa yana narkewa a wajen 660. Abin da ke raba su wani siririn lulluɓin iska ne da ke kwance a fuskar ƙarfen. Ƙwanƙwasa tana share wannan lulluɓi, wuta ta taɓa ƙarfe kai tsaye.

Masu ƙera motoci sun sha wannan darasi tun da wuri. Oldsmobile Jetfire ɗin da na ambata ba ta iya jure matsinta sai da wani haɗin ruwa da sinadarin metanol da a ke zubawa a wata 'yar tanka dabam. Masu motar suka riƙa mantawa da cika ta, kuma bayan 1963 aka daina ƙera ta. A 1982 kamfanin Saab na Suwidin ya fito da tsarin da ke sauraron inji ta wani ɗan kunne da aka ɗaure a jikinsa, da ya ji ƙwanƙwasa sai ya rage matsi. Yau kusan kowace motar fetur mai tarbo tana da irin wannan kunne, kuma abin da ta kan fara yi shi ne jinkirta wuta. A karatun yaron nan na ga kwamfutar tana janye taimin digiri 6, wani lokaci 8, duk sa'ad da ya take totur. Watau motar ta yi mako uku tana kuka a rubuce. Amma janyewar tana da iyaka, kuma ita kanta tana ƙara wa hayaƙi zafi.

Ba kullum kuskuren ke zuwa ta wannan fuska ba. In tiyo ya tsage tsakanin tarbo da inji, iskar da waya ta riga ta ƙirga za ta zube a hanya, sai a ga lodi ya yi sama, allura ta yi ƙasa, mota na shan mai tana baƙin hayaƙi. Wannan ɓarnar aljihu ce, da wuya ta kashe inji. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ƙurar hunturu. In matatar iska ta yi rauni, ko an sa irin mai manyan ƙofofi don a ji gurnani, ƙura kan lulluɓe wayar nan, ta daina jin sanyin iska sosai, ta riƙa faɗin ƙasa da gaskiya, kamar dai an faɗaɗa bututu. Wasu motocin kuma ba su da wayar sam, suna lissafa lodi ne daga matsi da zafi da juyi, tare da wani jadawali na yadda injin ke shaƙar iska. Su ma in an sauya salansa ko wani abin da ya canza shaƙar, jadawalin ya zama tsohon labari.

Wata aba kuma da ta shafi ƙananan injunan zamani masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda: sun fi shiga haɗari a lodi mai yawa da juyi kaɗan, watau mutum yana babbar giya, inji na juyi 1,500 ko 2,000, ya take totur har ƙasa don ƙyashin sauya giya. A wannan hali haɗin kan kama wuta tun kafin fulogi ya kunna, kuma sau ɗaya ya isa ya fasa fistin. An gano cewa irin baƙin man da ke cikin inji yana da hannu a ciki, har aka fito da sababbin ma'aunan baƙin mai, API SN Plus a 2018 da API SP a 2020. Wanda ke da irin wannan mota ya duba bayan galan kafin a juye masa.

Kada a fahimce ni da cewa ina hana gyara. Masu ƙera mota su kan bar rara, kuma wanda ya san aikinsa yana iya cin wani abu daga rarar. Amma ku tuna an bar ta ne saboda rana irin tamu da mai irin namu, saboda haka rabonmu a cikinta bai kai na mutumin Jamus ba. In za a yi, a fara ɗaukar karatun motar tun ba a taɓa ta ba: juyi, lodi, cikakken matsi, zafin iska bayan masanyayi, taimin da a ke janyewa, da ainihin awon iska da fetur, wanda a ke aunawa da na'ura ta dabam a hanyar hayaƙi, ba wanda kwamfuta ke fata ba. A yi gwajin a kan injin gwaji in akwai, ba a titin da jama'a ke bi ba, a giya ta uku ko ta huɗu, daga juyi 2,000 zuwa sama. A yi shi da azahar, da man da za a riƙa sha kullum. In an sauya bututu, a gyara lissafin wayar kafin a taɓa matsi. Sa'an nan a ƙara matsi da bar 0.1, a sake karantawa. Muddin lodi na bin matsi, awo na nan inda a ke so, taimin bai ja da baya ba, kuma masu fesa mai ba su wuce kashi 85 cikin ɗari na lokacinsu a buɗe ba, a na iya ƙara wani. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya ƙi, a koma matakin baya a tsaya. Wanda za ku ba motarku, ku tambaye shi lodi nawa ta ke kaiwa yanzu, nawa kuma ya ke nufin ta kai, da man wace lamba aka rubuta tsarinsa. In ya nuna muku allura, ku karɓi makullinku.

Yaron ya sake injin, ya mayar da tsohon bututu da tsohon tsari. Agogon yana nan a gaban sitiyarinsa don ya ce cire shi zai bar rami.

Shugaba, na ga lokacina ya cika. Zan miƙa fistin ɗin ya zagaya. A dubi gefen da ya zaizaye, sa'an nan a dubi dandamalin da ke tsakanin ringi na farko da na biyu, inda ya tsage gida uku. A yi hankali da bakin, yana da kaifi. In ya dawo hannuna sai mu shiga tambayoyi.